Tsohon Kwalin Wasan Fallout Da Kasuwar Masu Tara Kaya: Ina Ribar Take, Wa Ke Cin Ta?

 A wannan karo za mu leƙa wata kasuwa ce wadda ba ta ci a Magarya ko Dungas ko Maigatari, amma labarinta yana shigo mana ta wayar salula, har ya fara motsa zukatan wasu daga cikin matasanmu da 'yan kasuwarmu. Kasuwar kuwa ita ce ta masu tara tsofaffin wasannin kwamfuta, mutanen da ke zuba maƙudan kuɗi su sayi kwalin da ba su da niyyar buɗewa har abada.

Abin da ya sake tayar da zancen shi ne wani fim mai dogon zango mai suna Fallout, wanda kamfanin Amazon ya fara nunawa a watan Afrilu na 2024, aka kuma fito da zangonsa na biyu a Disamba 2025. Kamfanin ya ce mutum miliyan 65 ne suka kalli zangon farko cikin kwana 16. Shi wannan fim daga wani tsohon wasan kwamfuta aka ɗauko labarinsa, don haka da ya samu karɓuwa sai jama'a suka koma kan wasan, masu tara kaya kuma suka shiga neman tsofaffin kwalayensa da sauran tarkacen da aka riƙa sayarwa tare da shi.

Wani zai ce ina ruwan mai sayar da man gyaɗa a Kwaya, ko mai tebur a kasuwar Dole ta Damagaram, da wasan 'ya'yan Turawa? Ruwanmu guda biyu ne. Na farko, kayan lantarki na hannu da Turawa suka gama amfani da su, ta hannun 'yan kasuwarmu suke bi kafin su isa ƙauyuka. Na biyu, duk sa'ad da aka ji an sayar da wani tsohon abu a kan miliyoyi a waje, ba a daɗewa sai 'yan damfara sun sauya wa labarin riga sun shigo da shi kasuwanninmu. Saboda haka gara mu san yadda abin yake tun daga tushe.

Wane irin wasa ne?

Kamfanin Interplay na jihar Kalifoniya a Amurka ne ya fito da Fallout a 1997, a ƙarƙashin jagorancin wani mai suna Tim Cain. Labari ne ƙirƙirarre. An ƙaddara cewa man fetur da ƙarfen uraniyom sun yi ƙaranci a duniya, manyan ƙasashe suka yi ta rikici a kansu, har a ranar 23 ga Oktoba 2077 Amurka da Sin suka yi wa juna ruwan makaman ƙare dangi. Cikin awa biyu birane suka zama kufai. Waɗanda suka tsira su ne waɗanda suka shige wasu manyan maɓoyai da aka gina a ƙarƙashin ƙasa, da 'yan tsirarun da suka sha da ƙyar a waje. Mu da muke da uraniyom a Arlit da matatar mai ta Soraz a nan jihar Damagaram, ba sai an yi mana dogon bayani a kan yadda idon manyan ƙasashe ke kan waɗannan abubuwa biyu ba.

Wasan yana farawa ne a shekara ta 2161, a maɓoya mai lamba 13. Na'urar da ke tace musu ruwan sha ta lalace, sai aka tura mai wasa ya fita doron ƙasa ya nemo wata, aka ba shi kwana 150 kafin ruwan da ke ajiye ya ƙare. Daga nan sai yawo da bincike: ya shiga wannan kango, ya leƙa wancan, ya tsinci tsohon ƙarfe ko magani ko harsashi, ya kai gari ya yi musaya. Akwai ayarin fatake da ke safara da wasu shanu masu kai biyu, akwai 'yan fashi a hanya, akwai kuma wani gari mai suna Hub wanda 'yan kasuwar ruwa ke juya shi. Idan mai wasa ya biya su, za su tura ayarin ruwa zuwa maɓoyarsa a ƙara masa kwana 100. Duk wanda ya taɓa bin layin kuruga a rijiyar burtsatse cikin watan bazara ya san cewa mai ruwa shi ne mai gari.

Wasan ya samu karɓuwa har ya zama babban jari. A 2007 kamfanin Bethesda ya sayi sunan a kan dalar Amurka miliyan 5 da dubu 750. A nan sai mu ja hankali cewa duk inda muka ce dala a wannan rubutu, ta Amurka muke nufi, ba tamu ta sefa biyar ba. Bethesda ya fito da Fallout 3 a 2008, sannan Fallout 4 a Nuwamba 2015, wanda kamfanin ya ce ya kai kofi miliyan 12 kasuwa a tashin farko, na kimanin dala miliyan 750. A 2021 kuma kamfanin Microsoft ya kammala sayen uwar kamfanin Bethesda gaba ɗaya a kan dala miliyan dubu 7 da ɗari 5.

Marfin kwalba da wuri

Abin da ya fi ba mu sha'awa a wasan, mu 'yan kasuwa da 'ya'yan 'yan kasuwa, shi ne kuɗin da ake ciniki da su a ciki. Ba takarda ba ce, ba zinariya ba ce, marafan kwalbar lemo ne. Dalilin da aka bayar a labarin shi ne, injinan da ke buga marafan sun lalace tun lokacin yaƙi, don haka yawansu ba ya ƙaruwa, kuma da wuya a yi jabunsu. Sannan 'yan kasuwar ruwa na Hub sun tsaya musu, wato duk wanda ya kawo marafai za a ba shi ruwa. Ƙarancin abu, da amincewar jama'a, da wanda ya tsaya masa, su ne suka mai da shara ta zama kuɗi.

Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Kalmar kuɗi kanta jam'in wuri ce. Kakanninmu sun daɗe suna saye da sayarwa da wurin da ake kwasowa daga tsibiran Maldibis na tekun Indiya. Bature matafiyi Heinrich Barth, wanda ya sauka Kano a 1851 kuma daga baya ya zo Damagaram, ya tarar ana canza riyal ɗaya na azurfa a kan wuri 2,500. To amma da 'yan kasuwar Turai suka riƙa jibgo wani irin wuri mai araha daga gaɓar Zanzibar cike da jirage, sai darajarsa ta yi ta zubewa, har ɗaukar kuɗin a kan jaki ya zama wahala, daga baya Turawan mulki suka kawo nasu kuɗin. Yau wuri ado ne na kitso da kayan bori.

Ko a zamaninmu mun ga irin haka. Manyanmu ba su manta da watan Janairu na 1994 ba, lokacin da aka wayi gari an karya darajar sefa da rabi. Mu kuma na bakin iyaka, da naira ke yawo a kasuwanninmu kafaɗa da kafaɗa da sefa, mun ga abin da ya faru a farkon 2023 da Najeriya ta sauya fasalin manyan takardunta: mace na riƙe da tsofaffin kuɗi a ƙugu amma mai hatsi ya ƙi karɓa, sai da kotun ƙoli ta ƙasar ta sa baki a watan Maris. Takardar ba ta canza ba, amincewa ce ta gushe. To a kan irin wannan amincewa kasuwar masu tara kaya take tsaye, sai dai ita ba ta da babban banki ko kotun da zai tsaya mata.

Me ke sa tsohon kwali tsada?

Abu na farko da ya kamata a gane shi ne, ba wasan ne ke da tsada ba. Fallout na 1997 yana nan a intanet ana sayar da shi a kan abin da bai wuce dala 10 ba, an ma sha raba shi kyauta, kamar a 2017 da ya cika shekara 20. Abin da ake rububi shi ne babban kwalin asali da faifansa da littafin bayaninsa, musamman idan ledar da kamfani ya naɗe shi da ita ba a ɓare ta ba. Mata za su fi kowa gane wannan. Turmin atamfa Holan da ke cikin ledarsa da tambarinsa daban yake da wanda aka yanka aka ɗinka, ko da sau ɗaya aka ɗaura shi.

Na biyu shi ne ƙaranci. Yawancin waɗanda suka sayi wasan a wancan lokaci sun yage kwalin sun yar, shi ya sa kaɗan suka rage. Na uku shi ne shaida. A Amurka akwai kamfanonin da aikinsu kawai shi ne su duba tsohon wasa, su tabbatar na asali ne, su ba shi maki daga 1 zuwa 10, su rufe shi cikin akwatin roba mai kamar gilashi. Ɗan karce a gefen kwali yana iya rage maki, ragin maki kuwa yana iya zaftare fiye da rabin farashi. Na huɗu shi ne masu sayen. Yaran da suka buga waɗannan wasanni a shekarun 1990 yanzu magidanta ne masu albashi, suna sayen ƙuruciyarsu ne. Ranar da wannan zamani ya shuɗe, babu tabbas 'ya'yansu za su damu da abin.

Su ma kamfanonin sun gane wannan rauni na mutane, sai suka shiga ƙirƙirar ƙarancin da kansu. Da Fallout 3 ya fito, an yi wani kashi na musamman cikin akwatin ƙarfe irin na abincin 'yan makaranta, da ɗan mutum-mutumi a ciki. Da Fallout 4 ya zo, an yi wanda ke da wata na'urar roba da ake ɗaurawa a hannu, a kan dala 120, ninki biyu na farashin wasan, kuma ya ƙare tun kafin ranar fitowa, 'yan kayi-nayi suka riƙa sake sayar da shi da ƙari. A wannan shekarar ce ma wani masoyin wasan ya tara marafan kwalba sama da 2,000 ya aika wa kamfanin a matsayin kuɗin saye, su kuma suka karɓa suka yi masa alkawarin kofi, domin tallar da suka samu ta fi kuɗin wasan nesa ba kusa ba.

Amma ba kullum ake kwana a gado ba. A 2018 an sayar da kashi na musamman na Fallout 76 a kan dala 200, aka tallata cewa akwai jaka ta tamfol mai kauri a ciki. Da kaya suka iso sai masu saye suka tarar da jakar nailan marar ƙwari. Da aka yi ca, kamfanin ya fara ba su haƙuri da kuɗin cikin wasa na kimanin dala 5, sai da surutu ya yi yawa sannan ya ɗinka jakar da aka yi alkawari ya aika musu. Cinikin biri a sama ke nan, kuma a ƙasar da ke da dokokin kare mai saye.

Haukan 2021

Domin a ga iyakar inda wannan kasuwa ke kai wa, sai mu dubi abin da ya faru da wasu wasannin da suka fi Fallout suna. A lokacin annobar korona Turawa na zaune a gida, kuɗi na hannu, ba wurin kashewa. A watan Yuli na 2021 gidan gwanjo na Heritage da ke birnin Dalas ya sayar da kofi guda na wasan Super Mario 64, wanda ba a buɗe ba, mai maki 9.8, a kan dala miliyan 1 da dubu 560, wato sama da sefa miliyan 800. Wata guda bayan haka aka sayar da kofin Super Mario Bros. a kan dala miliyan 2, fiye da miliyar guda ta sefa. Alhali shi Super Mario 64 an sayar da kusan kofi miliyan 12 nasa tun fitowarsa a 1996, kuma kaset ɗinsa tsirara ba kwali 'yan gomomin dala ne.

A lura da wani abu. A waccan dala miliyan 1 da dubu 560, tayin da aka sallama a kansa miliyan 1 da dubu 300 ne. Sauran dubu 260 ɗin la'adar gidan gwanjo ce, kashi 20 cikin 100, wadda mai saye ke biya. Kamfanin da ya ba da maki shi ma ya karɓi nasa tun farko. Wato ko farashi ya hau ko ya sauka daga baya, dillali da mai hatimi sun riga sun ci. Mun san wannan a kara: mai saniya na zullumi, mai saye na zullumi, dillali kuwa la'adarsa na aljihu.

Ba a jima ba sai zarge-zarge suka taso. Masu bincike suka tuno cewa a 2019, lokacin da aka fara sayen wani kofin Super Mario Bros. a kan sama da dala dubu 100 har labarin ya cika jaridu, ɗaya daga cikin masu sayen yana cikin waɗanda suka kafa gidan gwanjon Heritage. Aka yi zargin cewa ana hura farashi ne da gangan domin a jawo sababbin masu zuba jari. Heritage da kamfanin ba da maki na Wata Games sun musanta, amma a watan Mayu na 2022 wasu masu saye sun maka Wata a kotu a Kalifoniya. A 2022 da 2023 farashin irin waɗannan kaya ya faɗi warwas, waɗanda suka shigo a makare suka kwana ciki. Duk wanda ya taɓa ɓoye wake ko riɗi a lokacin da kowa ke cewa zai ƙara tashi, sai kasuwa ta juya, ya san zafin abin.

Wani lokaci ma labari ne kawai ake saye. A 1983 kamfanin Atari ya binne ɗimbin kaset ɗin wasannin da suka yi kwantai a bolar garin Alamogordo na jihar New Mexico. A 2014 aka tono su, hukumar garin ta yi gwanjon kusan 900, ta samu fiye da dala dubu 100, duk da cewa yawancinsu sun lanƙwashe sun sha ƙasa. Abin da ya ba su daraja shi ne takardar shaidar da hukumar ta haɗa da kowane ɗaya. Irin wannan kaset ɗin ba tare da takardar ba, jari bola ne kawai.

Abin da ke iso mana

Yanzu mu dawo gida. Na'urorin PlayStation da ke gidajen gem na Magarya da Damagaram, inda yara ke biyan kuɗi su buga ƙwallo da hasken rana ko janareto, kusan dukkansu na hannu ne, sun biyo ta Legas da Kano ko ta tashoshin ruwan maƙwabta. Sun zo ba kwali, ba littafi, wasannin ko dai kwafi ne ko an loda su a cikin na'ura. Sun sha ƙurar hunturu da zafin bazara, mai gyara ya buɗe su ba sau ɗaya ba. A idon mai tara kaya na Amurka ba su da wata daraja. Darajarsu ita ce ta aikin da suke yi, wato 'yan kuɗin da suke shigar wa mai shago kullum, kuma wannan ita ce daraja ta gaskiya.

Ko da a ce an yi sa'a wani kwali na asali ya faɗo cikin dilar kaya, tsakaninsa da miliyoyi akwai tafiya. Sai an aika shi Amurka da inshora, a biya kuɗin dubawa, a jira watanni, a samu asusun banki da gidan gwanjo zai yarda da shi, a cire la'ada da haraji. Mai tebur a Kwaya ba shi da wannan hanya, sai dai ya sayar wa wanda yake da ita. Ba mu ce a yar ba. Idan aka ga tsohon wasa cikin kwalinsa da ledarsa, kada a ɓare, kada a bar yara su yage, a sa wani ɗa mai ilimin waya ya duba farashin da aka riga aka sayar da irinsa, ba wanda masu kaya ke faɗa ba. Amma tsintuwa daban, sana'a daban.

Haɗarin da ya fi kusa da mu shi ne na jita-jita. Alhazanmu da suka daɗe a Saudiyya za su tuna 2009, lokacin da aka baza cewa tsofaffin kekunan ɗinki na Singer suna ɗauke da wani sinadari ja mai tsadar gaske. Mutane suka yi ta rububi, har aka ruwaito ana taya keke guda riyal dubu 200, ɓarayi suka riƙa fasa shagunan teloli, daga ƙarshe hukuma ta bayyana cewa yaudara ce tsagwaronta. Irin wannan labari yana dawowa da sabon suna, yau tsohon dutsen guga, gobe kwabo mai huji, jibi tsohuwar rediyo ko na'urar wasa. Salon ɗaya ne. Wani baƙo zai zo yana neman abin ido rufe yana faɗin farashi mai firgitarwa, bayan kwana biyu wani daban zai zo da abin yana sayarwa da sauƙi. Wanda kwaɗayi ya ja ya saya, sai ya nemi baƙon farko ya rasa. Mata da yawa jarinsu na adashi ne, idan ya tafi ba mai mayar musu.

Namu kayan fa?

Darasin da ya fi girma shi ne, mu ma muna da abin da masu tara kaya na duniya ke nema, sai dai ba a cikin dilar gwanjo yake ba. A watan Nuwamba na 2023 aka tsinci wani dutse mai nauyin kusan kilo 25 a jihar Agadas, wanda masana suka tabbatar daga duniyar Mars ya faɗo. Ya bi ta Italiya, aka auna shi, aka ba shi lamba da takardu, sannan a ranar 16 ga Yuli 2025 gidan gwanjo na Sotheby's da ke New York ya sayar da shi a kan dala miliyan 5 da dubu 300, kusan sefa miliyar 3. Gwamnatinmu ta buɗe bincike a kan yadda ya fita, ta kuma dakatar da fitar da irin waɗannan duwatsu, gidan gwanjon kuma ya ce ya bi ƙa'ida. Ko ma dai yaya ne, a saharar Nijar dutsen ya faɗo, a New York aka ƙirga kuɗin. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Haka aka yi da tukwane da mutum-mutumin yumɓu na Bura a jihar Tilaberi, waɗanda aka yi ta haƙewa ana fitarwa a ɓoye. Ya kamata 'yan kasuwa su sani cewa tun 1997 akwai dokar kare kayan tarihi a ƙasar nan, kuma wanda aka kama da irin waɗannan kaya a bakin iyaka ba zai kare kansa da cewa saye ya yi ba.

Akwai kuma misali mai daɗin ji. Mamman Sani, wanda kiɗan organ ɗinsa na lantarki ya daɗe yana fita a rediyo da talabijin na ƙasa, ya yi kaset guda a 1978 wanda kaɗan ne suka rage. Wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley ya ci karo da shi, kamfaninsa Sahel Sounds ya sake buga shi a faifai a 2013, har mai kiɗan ya je Turai ya yi wasa. Da an jefa wannan kaset a shara, da shi ke nan. A gidajenmu da rumbunan gidajen rediyo akwai kaset ɗin Ma'azu Ɗan Alalo da Ɗan Gurmu da Shata, akwai finafinan Hausa na farko a kaset ɗin bidiyo, akwai littattafan ajami da tasoshin jere na kakanninmu da ake auna wa 'yan gwangwan a kilo. Ba mu yi wa kowa alkawarin miliyoyi a kansu ba. Amma idan suka ƙare, ba wani kamfani da zai sake bugo mana su.

Su kansu wasannin kwamfuta sun kama hanyar barin kwali da faifai. Yanzu saukewa ake yi daga intanet, kuma abin da mutum ke biya izinin bugawa ne, ba mallaka ba, ba ya iya sayarwa ko barin gado. A 2024 kamfanin Ubisoft ya rufe wasan The Crew, waɗanda suka saya suka wayi gari ba su da komai a hannu. Wannan na iya ƙara wa tsofaffin kwalaye farin jini, kuma hakan na nufin labaran miliyoyi za su ci gaba da shigo mana, masu gaskiya da na ƙarya.

Saboda haka shawararmu ga iyayenmu mata da 'yan'uwanmu 'yan kasuwa ita ce, kada a taɓa uwar kuɗi domin sayen abin da ba a san mai sayensa ba. Kafin a saya a tambayi kai: wa zai karɓa daga hannuna, a wace kasuwa, da wace shaida? Idan amsar ita ce wani Bature ko wani Alhaji da aka ce yana nan zuwa, to a riƙe kuɗi, domin ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Idan kuma wani ya zo yana naci sai an sayar masa da tsohon abin gida, a dakata a yi tambaya, banza ba ta kai zomo kasuwa. Ga hukumomi kuma, tun daga magadan gari har zuwa ma'aikatar al'adu, lokaci ya yi da za a samar da wurin da talaka zai kai abin da ya tsinta ko ya gada a duba masa, a rubuta, a faɗa masa gaskiyar darajarsa, maimakon a bar shi da dillalan dare.

Allah Ya ba mu kasuwa mai albarka, Ya tsare mana jarinmu, Ya raba mu da kwaɗayin da ke kai mutum ga da-na-sani. Amin.